Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da aka ɗaura mini na'urar gano ƙarya

A makon jiya na tsaya ne a inda na nemi aikin fassarar Hausa a wani ofishi kusa da birnin Washinton, aka ce sai na zauna gwajin na'urar gano ƙarya tukuna.

Daren ranar ban runtsa ba. Da safe aka kai ni wani ɗan ɗaki marar taga, aka zagaya mini igiyoyin roba biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, aka ɗaure damtsena da abin awon jini, aka maƙala wasu ƙarafa a yatsuna don auna gumi. Mai gwajin ya zauna a bayana. Da ya tambaye ni ko ina da hulɗa da 'yan ƙasar waje da ban bayyana ba, sai gabana ya faɗi. Mahaifiyata, 'yan'uwana, abokan ƙuruciyata, ai duk a wurin Amurkawa 'yan waje ne. Wa na manta ban rubuta ba? Hannuna ya yi tsami, gumi ya jiƙa mini riga. Aka ce sakamakon bai fito fili ba, kuma aikin bai zo hannuna ba.

Da dare na kira yayana a Kano, na ce, "Yaya, wallahi ban ɓoye komai ba." Ya ce, "Na sani, ƙanena. Yi haƙuri, ba rabonka ba ne."

Daga baya na bi labarin Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka, wato CIA, da ya sayar wa Tarayyar Sobiyet asiri. Ya ci gwajin a 1986 da 1991, sai a 1994 aka kama shi. Shawarar da iyayen gidansa na Sobiyet suka ba shi ita ce ya yi barci sosai, ya saki jiki da mai gwajin. Abin nan ya tsaya mini a rai.

Masu kare na'urar suna kafa hujja da Harold Nicholson, wani jami'in CIA da ya sayar wa Rasha asiri, wanda gwajin 1995 ya jawo masa zargi, aka kama shi a 1996. Ban musa ba. Amma rahoton Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka na 2003 ya lissafa cewa cikin ma'aikata 10,000 masu 'yan leƙen asiri 10, kafin a kama 8, sai wajen mutum 1,600 masu gaskiya sun faɗi gwajin.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda na koma tuƙin tasi.