Ƙarin da aka gani a hantata

Wani nauyi da nake ji a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ne ya kai ni hoton ciki, ina zaton olsa ce. Sai ga ƙari a hanta, faɗinsa santimita 4. A wajenmu da an ambaci hanta, hankali sai ya tafi ga ciwon hanta nau'in B da cutar kansa. Gwajin B da C ya fito lafiya, hoton MRI kuma ya nuna adenoma ce, ƙarin da ba kansa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, kina shan ƙwayar tazarar haihuwa?" Na yi shekaru ina sha, a kemis nake saye. Ta ce sinadarin estrogen da ke cikinta shi ke ciyar da irin wannan ƙarin, kuma tun 1973 likitoci suka fara lura da alaƙar. Shi ya sa ya fi kama mata. Maza masu allurar gina jiki ma ba su tsira ba, su kam da an gan shi akan cire, komai ƙanƙantarsa.

Sai ta koma kan ƙarfen jini: an taɓa yi mini ƙarin jini a kai a kai? Jiki ba shi da hanyar zubar da ƙarfen da ya yi yawa, hanta ce ke tara shi, abin da ke damun wasu masu sikila ke nan. An samu wannan ƙarin a masu tarin ƙarfe, amma hujjar ba ta kai ta estrogen ƙarfi ba. Gwajin ferritin nawa, mai auna ƙarfen da jiki ya tara, ya fito daidai, duk da haka ta hana ni maganin ƙarin jinin da nake ɗirka ba wanda ya rubuta mini.

Ba a yi tiyata ba. Iyakar da suke dubawa santimita 5 ce, daga nan haɗarin fashewa da zubar jini a ciki ke ƙaruwa. Na bar ƙwayar, aka sa mini robar mahaifa ta jan ƙarfe, na rage ƙiba. Jiƙe-jiƙen da 'yan uwa suka riƙa aikowa kuwa ko ɗanɗanawa ban yi ba, hantar da ake lallaɓawa ba a gwaji da ita.

Bayan wata shida aka sake hoto, ƙarin ya ragu. Ta ce in ina son sake haihuwa in fara zuwa wajenta tukuna, domin ciki na iya sa shi girma.