Ranar da muka kai yaran Sabon Zango hasumiyar fitila ta Jamestown

Shawarar ta fito ne daga wani abokina malamin makaranta, mutumin ƙabilar Ga da aka haifa a Jamestown, a bakin tekun Akra. A 2021 ya ce mini hasumiyar fitilar unguwarsu ta cika shekara 150, tunda a 1871 Turawan Ingila suka fara kafa ta domin jiragen ruwa su gane gaɓa da dare. Me zai hana mu haɗa yaransa da ɗaliban Islamiyyarmu ta Sabon Zango mu yi ɗan taro a gindinta? Na amsa nan take. Yawancin yaranmu sun san hasumiyar nan mai fenti ja da fari ta tagar motar haya ta trotro kawai, ba su taɓa taka wurin ba, alhali tsakaninmu da ita ba wata tafiya ba ce.

Gardama ta farko a kan ƙyallen da za mu rataya ta tashi. Ginin da ke tsaye yau ba shi ne na 1871 ba, a shekarun 1930 aka gina shi a madadin na farko. Wani cikin malamanmu ya dage cewa rubuta "shekara 150" a ƙarƙashin hoton ginin yaudarar yara ce, kuma ni ma na ga gaskiyarsa. Muka tsaya a kan "shekara 150 da kunna fitila a wannan gaɓa". Mai buga ƙyallen ya yi ta mita wai rubutun ya yi tsawo.

Zaɓen rana ya fi wannan wuya, kuma a nan ne amfanin ɗan gari ya fito. Ni da na so Asabar. Abokina ya ce Talata, a cikin hutun makaranta, domin masuntan Ga ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni. Duk wata rana daban, mutanen da muke so yara su ji daga bakinsu suna kan ruwa ko suna barcin gajiya. Ya kuma hana mu kusantar watan da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni. Lokacin bikin zane-zane na Chale Wote, wanda aka fara yi a unguwar a 2011, shi ma muka kauce masa, don ranar ko babba sai ya yi da gaske kafin ya ratsa titi, balle mai jan yara.

Sai zuwa gaisuwa. Izinin hawa hasumiyar daban, wannan wajen masu kula da ita ake nema. Amma filin da ke ƙasa, inda jiragen kwale-kwale suke jere, yana da masu shi, kuma ba a shiga sai an gaida sarkin masunta. A al'adarsu kwalbar giya ake kai wa dattawa. Na faɗa wa abokina tun a hanya cewa wannan kam ba da hannuna ba. Ya yi dariya, ya ce dattawan sun fi ni sanin mutanen zango. Muka kai goro da ɗan abin gaisuwa a ambulan, aka karɓa hannu bibbiyu. Da na ce daga Sabon Zango muke, wani tsoho ya tuna mini cewa filin da Malam Bako ya kafa unguwarmu a farkon ƙarni na 20 daga hannun sarakunan Ga na Jamestown ya fito. Wato mu ba baƙi ba ne can can.

Duk da haka fuskokinsu ba su sake ba da aka ambaci biki. A watan Mayun 2020 an rushe rumfuna da gine-gine masu yawa a bakin ruwan domin aikin sabuwar tashar masunta da ƙasar Sin ta ɗauki nauyi, kuma mutane da dama sun rasa wurin sana'a da wurin kwana. Tsohon ya dube ni ya ce, ta bakin abokina, "Malam, murnar me za mu yi? Fitila dai tana nan, mu ne aka tasa." Ban sami abin cewa ba sai "Gaskiya ne, Baba." A nan tsarinmu ya sauya. Muka soke jawaban da muka shirya da lasifikar da za mu yi haya, muka roƙi dattawan su zauna su ba yara labari da kansu. Wannan suka yarda da shi.

Ranar taron muka fara da hawa, tun rana ba ta yi zafi ba. Tsawon hasumiyar kusan mita 28 ne, matakalar kuma murɗaɗɗiya ce, matsattsiya, don haka kaɗan-kaɗan muka riƙa hawa da su, babba a gaba babba a baya. Wata yarinya ta kai rabi ta zauna daɓas, ta ce, "Malam, wallahi ƙafata rawa take yi." Sai da wata 'yar Jamestown sa'arta ta kama hannunta suka ƙarasa. A sama iska sai fizgar hijabai take yi. Daga nan ana ganin kurkukun James Fort dab da mu, wanda Ingilishi suka gina a 1673, inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Gaba kaɗan ga Ussher Fort na mutanen Holan, sai rufin kwanon Bukom, unguwar 'yan dambe da ta fitar da Azumah Nelson. Mazan cikin yaran kuwa, labarin Bukom ɗin kawai suke tambaya.

Abin da ya fi zama a ran yara a ƙasa ya faru, a inuwar wani jirgi da aka ja kan yashi, jikinsa duk zane da tutoci. Tsohon nan ya zauna yana ɗinkin koma, zaren a yatsan ƙafarsa, yana magana ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ce kafin a buɗe tashar Tema a 1962, manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓar Akra. Can nesa suke tsayawa, sai ƙarti su tuƙa ƙananan jirage su ratsa igiyar ruwa da buhunan koko, su dawo da kayan Turai. Ya ce yana yaro ya ga haka da idonsa, ya kuma ga jirgi ya kife da kaya. Wani yaro ya tambaye shi ko har yanzu suna duba fitilar, tunda ga waya mai nuna hanya. Ya ce waya caji take ci, ruwa kuma yana kashe ta, fitilar kuwa ana hango ta daga nisan kusan kilomita 30. Ban taɓa ganin ajina ya yi shiru haka ba, ko a darasin da na fi ji da shi.

Abinci kowa ya kawo nasa. Iyayen yaranmu suka aiko da koko da ƙosai da shinkafa da wake, matan Jamestown suka kawo dokunu da soyayyen kifi da yajin shito. Kifin ne ya fara ƙarewa. Ruwan leda kuwa ya yanke mana tun kafin azahar, sai da muka aika a ƙaro, domin zafin bakin teku ba ya nuna kansa sai ya gama da mutum. Wanda zai kai yara wurin ya ninka ruwan da ya ƙiyasta, ya kuma sa babba guda wanda ba shi da aikin komai sai tsare tsakanin yara da bakin ruwa.

An buɗe sabuwar tashar masuntan a 2024, kuma filin da muka zauna ya canza kama sosai. Abokina yana so mu sake yi da wani sabon aji. Na ce masa mu fara komawa wajen dattawan tukuna, mu ji inda suke zama ranar Talata yanzu.