Abin da na koya daga ɗora Perl a cikin slapd

A ƙarshen watan nan zan miƙa aikin kundin LDAP, wato kundin sunayen masu amfani da manhajojinmu ke tambaya kafin su bar mutum ya shiga, ga wanda zai gaje ni. Takardar miƙa aiki ta ƙunshi adireshin sabobi da wurin da aka ajiye fayilolin saiti, amma ba ta da gurbin bayyana dalilin da ya sa tsarin ya zama yadda yake a yau. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Matsalar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya riƙe irin wannan aiki. Sunayen ma'aikata suna zaune a wani tsohon rumbun bayanai na SQL da sashen kula da ma'aikata ke riƙe da shi, su kuwa imel da waifai da VPN ba su jin wani yare sai LDAP. Shawarata ita ce mu riƙa kwafo bayanan lokaci-lokaci zuwa mdb, rumbun bayanai na cikin slapd, wato shirin OpenLDAP da ke amsa tambayoyin LDAP. Oga ya ce a'a, ba ya son kwafi biyu, so yake duk abin da aka canja a can a gan shi a nan take. Ya karanta cewa akwai back-perl, wanda ke ba ka damar rubuta ɗan shiri da yaren Perl ya riƙa amsa bind (tantance suna da kalmar sirri) da search (bincike) a madadin rumbu na gaske. Ya ce da shi za mu yi.

Na shiga ofishinsa na ce, "Ranka ya daɗe, back-perl mai fassarar Perl guda ɗaya yake dasawa a cikin slapd, kuma akwai makulli a kansa. Buƙata ɗaya ce ke shiga a lokaci guda, sauran suna layi." Ya tambaye ni ko zai yi aiki. Na ce zai yi, muddin rumbun SQL ɗin bai yi nauyi ba. Ya ce to ya isa. A tsaye muka yi maganar, babu wanda ya ji, babu abin da aka rubuta.

Na rubuta shirin, kuma har yau ina ganin na rubuta shi da kyau. Slapd yana miƙo maka tushen bincike da faɗinsa da matatar bincike a matsayin zallar rubutu, kai ne za ka warware baka-bakan da alamomin & da |, ka mayar da su tambayar SQL ba tare da ka bar kafar da wani zai cusa maka umarni ta cikin sunan mai amfani ba, sannan ka dawo da sakamako a tsarin LDIF, wato tsarin rubuta bayanan LDAP. Ranar gwaji komai ya tafi daidai. A taron shugabanni aka gabatar da shi da sunan dabarar oga, ni ko ambatona ba a yi ba. Na haɗiye.

Sai wata safiya sashen kula da ma'aikata suka kunna wani babban rahoto a rumbunsu daidai lokacin da jama'a ke shigowa aiki. Tambayar da ke dawowa cikin ƙiftawar ido ta koma ɗaukar daƙiƙoƙi. Slapd, in ba ka canja saitinsa ba, zaren aiki 16 gare shi, wato buƙata 16 yake iya riƙewa a lokaci guda. Ɗaya ya riƙe makullin Perl yana jiran SQL, sauran suka jeru a bayansa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Daga nan hatta asusun na'urori da ke cikin mdb, waɗanda babu ruwansu da Perl, suka daina samun amsa, domin ba sauran zaren da zai saurare su. Manhajoji kuma da suka ga shiru sai suka riƙa sake turo buƙata, layin ya ƙara tsawo. Imel ya tsaya, waifai ya tsaya, har manhajar da ake kai ƙorafi ta ƙi buɗewa, don ita ma ta wannan ƙofar take bi.

A taron bin bahasi oga ya ce ƙaramin ma'aikaci ne ya saka shirin da ba a gwada sosai ba. Ina zaune a wurin. Na ce na faɗi wannan tun farko, ya dube ni ya ce bai tuna da an yi haka ba. Abin ya shiga takardar auna ƙwazona ta wannan shekarar, kuma yana nan a ciki. Ba tsayawar imel ce ta fi yi mini ciwo ba, na'ura takan tsaya. Abin da ya ci mini rai shi ne mutumin da ya karɓi yabo ranar da abu ya yi kyau, shi ne ya shafa mini kashin kaji ranar da ya ɓaci, kuma ba wanda ya tambayi yadda aka yi dabararsa ta koma laifina. Tun daga ranar, duk gargaɗin da na yi da baki nakan bi shi da imel kafin in tashi. Wasu sun ce na cika son kare kai. Su faɗa.

Ni na gyara, ba tare da an sa ni ba. Na fitar da shirin daga cikin slapd na mayar da shi back-sock, inda shirinka ke gudana daban yana magana da slapd ta soket na Unix. A nan zai iya amsa buƙatu da yawa a tare, in ya faɗi ba ya jan slapd ƙasa, kuma kana iya sake kunna shi kaɗai. Na sa masa wa'adin jira: in SQL bai amsa ba, ya mayar da lamba 52, wato babu hidima yanzu, maimakon ya riƙe zare. Daga baya, a hankali, na mayar da bincike gaba ɗaya kan kwafin mdb da ake sabuntawa a kai a kai, wato shawarata ta farko. An amince da ita ne bayan an sake mata suna.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada ka mayar da lamba 49, wato bayanan shiga ba daidai ba, sai in da gaske kalmar sirri ce ba daidai ba, in ba haka ba mutane za su yi ta canja kalmar da ba ta da laifi. Ƙa'idojin izini na slapd ba sa tsare maka rubutu a back-perl, karatun sakamakon bincike kawai suke tacewa, don haka hana mutum gyara bayanan wani aikin shirinka ne. LDAP bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba a sunaye irin su uid (sunan mai amfani), rumbunka kuwa yana iya damuwa. Gwaji da mutum ɗaya ba gwaji ba ne: ka rage wa rumbun gudu da gangan, ka turo buƙatu da yawa, ka ga abin da zai faru.

Ga wanda zai gaje ni: OpenLDAP 2.5 da ya fito a 2021 ya cire back-shell, ɗan uwan back-perl da ke kiran shirye-shirye na waje, kuma back-perl ma an daina ba da shawarar amfani da shi. Tsohon shirin Perl ɗin yana nan a ma'ajiya, na bar shi don tarihi, kada ka kunna shi. Bind ne kaɗai ya rage yana bi ta soket, kuma na rubuta matakan raba shi da tsohon rumbun. Za a ce maka babu lokacin yin hakan. Ka nemi a ba ka wannan amsar a rubuce.