Abin da na koya wajen haɗa marasa lafiya da likita ta bidiyo

Ni a wani ƙaramin kilinik nake aiki nan Maradi, kuma cikin aikina har da haɗa masu ciwon zuciya da likitansu da ke Yamai, don tafiyar ta fi kilomita 600, ga kuɗin mota ga wahala, wani tsohon in ya je ya dawo sai ya kwanta sati guda.

Da farko WhatsApp muke yi kamar kowa. Amma abin ya riƙa damuna, lambar likita tana yawo hannun mutane ana kiran shi tsakar dare, hotunan sakamakon gwaji kuma suna zaune cikin salular ma'aikaci tare da hotunan biki. Sirrin mara lafiya fa amana ne.

Shi ne na koma Jitsi Meet. Wanga irin manhaja ba kyauta kaɗai ba ce, rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya dubawa, kuma kana iya girka ta bisa sabar taka, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar a intanet. Ka buɗe ɗaki, ka sa mishi kalmar sirri, ka aika adireshin, mara lafiya ba ya buƙatar buɗe kont. Sai dai tun 2023 mai buɗe ɗaki a meet.jit.si, wato shafin Jitsi na kowa da kowa, dole ya shiga da asusu irin na Google, wannan ya sa muka fara maganar sabar kanmu, ita kuma kuɗi take ci duk wata da mai kula da ita. Wata manhaja mai suna Jami ma na gwada, waya da waya suke magana kai tsaye ba lambar tarho, amma sai kowa ya sauke ta, nan aka tsaya.

Inda na fi koyon darasi wajen wata dattijuwa ce daga wajen Dakoro. Na shirya komi a kwamfuta, ashe can rezo sanda ɗaya ne, hoto ya daskare, ita kuma sai faɗi take "ɗana, likitan ya tafi ne?" Na ce "yana nan Inna, ki yi haƙuri", muka kashe bidiyo aka bar murya, jikanta ya karanto awon jininta da aka rubuta a CSI, wato ƙaramar likitar yankinsu, likita ya canza mata magani. Tun ranar, jajibirin kowane randebu sai na kira mai riƙe da wayar mun gwada minti 5, in tambaye shi inda rezo ya fi kamawa a garinsu, in ce ya cika caji tun da dare.