Mako na uku da farin zane da fitila a bayan gida

'Yan'uwa masu koyon kallon faɗa-wuta, ga inda na kai a wannan damina. Yau mako uku ke nan ina baza farin zanen gado a kan igiyar shanya bayan sallar isha'i, in rataya fitilar caji a gabansa, in zauna da wayata da ɗan littafin rubutu. Daren da wata ya cika kusan a banza na zauna, amma ranar da aka yi yayyafi da la'asar, gari ya yi lumshi, iska kuma ta kwanta, sai da zanen ya yi dabbare-dabbare da baƙi manya da ƙanana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ƙato mai ruwan toka da masana ke kira Agrius convolvuli. A zaune kamar ɓawon itace yake, sai da ya ɗan buɗe fukafukansa na ga cikinsa da ratsin baƙi da ja-ja, gwanin kyau. Yana da siririn baki mai kama da zare wanda yake naɗewa a ƙarƙashin kansa, idan ya warware shi yakan fi jikinsa tsawo, kuma da shi yake zuƙar ruwan furanni masu zurfi yana shawagi ba tare da ya sauka ba. Tsutsarsa ganyen dankali take ci, maƙwabcinmu kuwa yana da kunyoyin dankali a bayan katanga, saboda haka ina kyautata zaton daga can ya fito.

Akwai kuskuren da na yi wanda ba na so ku maimaita. A makon farko nakan bar fitilar har asuba, sai na tarar tsaka da kwaɗi sun mayar da wurin gidan cin abinci, abin da ya rage kuma tsuntsaye su tsince da hantsi. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa waɗannan ƙwari suna juya bayansu ne ga wuri mafi haske, domin a ɗabi'arsu can ne sama, shi ya sa suke ta kewaya fitila har su galabaita. Tun da na karanta haka nake kashe fitila da ƙarfe 11, in kaɗe zanen a hankali kusa da shuke-shuke.

Abin da na sa a gaba yanzu shi ne neman sheƙar tsutsar wani irin faɗa-wuta mai suna Anaphe, wadda take saƙa gida ɗaya ita da 'yan'uwanta, kuma daga gare ta ake samun zaren tsamiya na aikin babbar riga. Wani dattijo mai ɗinkin hannu a unguwarmu ya yi alkawarin nuna mini busasshiyar sheƙa ranar Juma'a, domin in gane ta idan na gan ta a jikin itace.