Ranar da kwan fitila 28 suka koma 44

Aikin da aka ba ni bai yi kama da mai wuya ba. Rumbun bayanan kayan sitonmu tebur uku gare shi: na sunayen kaya, na abin da ya shigo, da na abin da ya fita. Lambar kaya ce ta ɗaure su. Ana so ne kawai ragowar kowane kaya ta fito a gaban sunansa.

Da SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, na haɗa teburan ukun da JOIN cikin umarni guda, na sa SUM mai tara jimilla a kan shigowa da fita, na rufe da GROUP BY don kowane kaya ya fito a layi ɗaya. Lissafi ya fito tsaf, kwamfuta ba ta ce uffan ba. Bayan kwana biyu mai kula da sito ya leƙo ya ce, "Malam, kwan fitilar nan sau biyu ina ƙirgawa, 28 ne. Naka kuma ya ce 44."

Abin kunya, ƙirgarsa na fara zargi. Sai da na cire SUM na bi layukan ɗaya bayan ɗaya sannan na ga ɓarnar. Kwan ya shigo sau uku, 10 da 10 da 20, wato 40. Ya fita sau biyu, 5 da 7, wato 12. To, da na haɗa teburan biyu a lokaci guda, kowane layin shigowa sai ya manne wa kowane layin fita, layuka suka zama shida. Shigowa ta ninka biyu ta koma 80, fita ta ninka uku ta koma 36. Ga inda 44 ta fito. Kayan da na yi gwaji da su kuwa duk shigowa ɗaya fita ɗaya ne, shi ya sa asirina bai tonu da wuri ba.

Cikin garaje na gwada SUM(DISTINCT), mai tara jimilla ba tare da maimaita lamba iri ɗaya ba, sai abin ya ƙara dagulewa. Ya ɗauki shigowar 10 da 10 ɗin nan a matsayin maimaici ya zubar da ɗaya, shigowa ta zama 30, alhali kaya ne da suka zo rana daban-daban.

Maganin ashe mai sauƙi ne: a tara jimillar kowane tebur shi kaɗai, ta yadda kowane kaya zai rage da layi ɗaya tak, sannan a haɗa da teburin sunaye.

Ban gama murna ba sai ga wata. Kayan da ba a taɓa fitarwa ba sun ɓace ɓat daga rahoton, domin JOIN na yau da kullum ba ya kawo layin da ba shi da abokin haɗi. Na koma LEFT JOIN, mai kawo layi ko da ba shi da abokin haɗi, suka dawo, amma gurbin ragowarsu fayau. A SQL, rashin ƙima ba sifiri ba ne, NULL ne, kuma in ka cire NULL daga 40, NULL za ka samu. COALESCE, mai maye gurbin NULL da ƙimar da ka ba shi, shi ne ya mayar mini da shi sifiri. Masu aiki da manhajar Microsoft Access kuwa, Nz suke sawa a madadinsa.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar a buɗe gurbin ragowa a teburin kaya, a riƙa gyara shi duk shigowa da fita. Ban yarda ba, don ranar da wani ya goge layi ya manta da gurbin, ba mai sanin wanne za a gaskata.

Kwan fitilar nan har yau yana cikin bayanan gwajina, da shigowarsa ta 10 da 10. Duk sabon rahoton da na rubuta, layinsa nake fara dubawa in ga ko 28 ya ba ni.