Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yaron da ya ƙi amsa laifi

Assalamu alaikum masu bibiya. A makon jiya mun tsaya inda na rage tuƙin tasi a Birmingham, na karɓi aikin limanci a wani gidan yarin matasa, ina zuwa Alhamis da Juma'a. Wasu sun tambaye ni ko tsoro bai kama ni ba. Ƙarar ƙofofin ƙarfe ta fi mutanen ciki razana ni, ita ma daga baya kunne ya saba.

Gidan yarin yana can bayan gari, gonaki sun kewaye shi, ƙauyen da ke kusa kuwa duk Turawa ne. Amma da na hau huɗubar farko na dubi sahu, sai na ga kamar an kwaso unguwannin Alum Rock da Handsworth na Birmingham an zube min a gaba: 'ya'yan Pakistan, Somalawa, jikokin Jamaika da suka musulunta, da namu na Afirka ta Yamma jefi-jefi. Yawancinsu ba su kai 21 ba.

Bayan wata sallar Juma'a a 2016, ina naɗe darduma, wani dogon yaro ya zo ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ina wuni." Na ɗago da sauri, don ban taɓa jin Hausa a cikin ginin nan ba. Hausar zango ce, yana yi yana cakuɗa ta da Turanci. A Birmingham aka haife shi, mahaifiyarsa 'yar zangon Kumasi ce, mahaifinsa ya rasu yana firamare. Shekararsa 19, yana jiran shari'a. An kama shi da wani abokinsa Bature kusa da tashar jirgin ƙasa, an sami ƙulli-ƙullin hodar iblis da ƙwayar heroin a cikin safarsa, an sami wasu a aljihun abokin, ga saƙonnin masu saye a wayoyinsu. Abokin yana gida a kan beli. Shi an hana shi, don ya taɓa saɓa sharaɗin beli a wata ƙaramar magana.

A nan sai na ɗan yi bayanin yadda kotun Ingila take, don duk labarin a kansa ya rataya. Wanda ya amsa laifinsa tun zaman farko ana yafe masa kashi ɗaya bisa uku na hukuncin. In ya ja lokaci ragin ya koma ɗaya bisa huɗu, in ya bari sai ranar fara shari'a ya koma ɗaya bisa goma. In kuwa aka yi shari'a aka same shi da laifi, babu ragin komai. Sannan a lokacin, ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ne alƙali yake da ikon jingine shi, mutum ya koma gida da sharuɗɗa. Lauyansa ya lissafa masa duk wannan a takarda. Yaron ya nuna min takardar, ya ninke ta har ta fara yagewa.

Liman ba lauya ba ne, dokar aikin ma ta hana mu ba da shawarar shari'a. Abin da na iya ce masa shi ne ya faɗa wa lauyansa gaskiya, ya kuma saurare shi. Ya yi wata dariya ya ce, "Baba, wane lauya? Wanda 'yan sanda suka kira min da wayarsu? Tun bai zauna ba yake cewa in amsa." Na ce masa lauyan nan ba ma'aikacin 'yan sanda ba ne, gwamnati ce ke biyansa don ya tsaya wa duk wanda aka kama, kyauta. Ya ce ai su ma 'yan sandan gwamnati ce ke biyansu.

Bai taɓa ce min kayan ba nasa ba ne. Abin da ke cin ransa daban ne. Tun yana ɗan 13, a cikin kayan makaranta, ake tsayar da shi a titi a juye masa jaka a gaban mutane, ba a samun komai, ba a ba shi haƙuri. Ranar da aka kama su ma tare suke tafe da Baturen, shi aka fara jinginawa da bango, sai da aka ga abin da ke safarsa aka waiwayi abokin. "Da shi kaɗai ne ke tafe, da yanzu yana gida yana cin abinci," in ji shi. Ban musa masa ba, don ban ga ta inda zan musa ba.

Akwai wani gandireba dattijo, iyayensa 'yan Jamaika ne, a Handsworth ya tashi. Muna shan shayi na ba shi labarin, sai ya ce min yaron gado ya yi. A zamaninsu akwai wata doka ta 1824 da ta ba ɗan sanda damar kama mutum don kawai ya yi zargin yana shirin aikata laifi. A Afrilun 1981 'yan sandan Landan suka tsayar da mutum sama da 900 a Brixton cikin 'yan kwanaki, unguwar ta kama da wuta, tarzomar ta bazu har Handsworth, a shekarar aka soke wannan sashe na dokar. Ya kuma tuna min da Stephen Lawrence, ɗalibi ɗan 18 da wasu samarin Turawa suka daɓa wa wuƙa yana jiran bas a Eltham a 1993. 'Yan sanda suka yi wasarere da binciken, har suka riƙa yi wa abokinsa da ya tsira kallon mai laifi. Rahoton binciken da tsohon alƙali Macpherson ya jagoranta, na 1999, ya ce wariyar launin fata ta shiga jinin rundunar 'yan sandan Landan, amma sai a 2012 aka ɗaure biyu daga cikin makasan. Dattijon ya ce duk gidan baƙar fata a ƙasar nan da wannan labari ake raino. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Na nemi izinin hukumar gidan na je wurin mahaifiyar. Ina zaton a wurinta zan sami mai taya ni. Ta kawo min tuwo da miyar ayoyo, ta zauna a bakin kujera tana murza carbi. Da na kawo maganar sai ta ce, "Malam, kai ma ɗan gida ne. A ina ka taɓa jin an shiga caji ofis an sa hannu a takarda an fito lafiya?" Can kuma ta sassauta murya ta ce, "In ya buɗe baki ya ce shi mai sayar da ƙwaya ne, kafin asuba labarin ya kai Kumasi. Da wane ido zan kalli dangin ubansa?" Na ce, "Hajiya, in kotu ta faɗa ai ya fi muni." Ta ce in kotu ta faɗa za ta iya cewa zaluncin Turawa ne.

Aka yi shari'a a babbar kotu, gaban mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci. Na zauna a baya kusa da Hajiya. Zan faɗi abin da na gani ko da wasu ba za su ji daɗi ba: mutanen nan ba su zalunce shi ba. Akwai baƙaƙe da 'yan Asiya a cikinsu, an karanto saƙonnin wayar ɗaya bayan ɗaya, babu mai hankalin da zai sake shi. Alƙali ya ce su biyun ƙananan 'yan aike ne, manyan suna can ba a kama su ba, don haka ma'aunin kowannensu shekara 3. Baturen ya amsa tun zaman farko, nasa ya sauko 2, aka jingine, aka haɗa masa da aikin gayya ba biya. Namu ya tafi da 3 ɗinsa cif.

Kafin Juma'a ta zagayo labarin ya gama sashen da yake kwana, kuma ga yadda ya isa kunnen yaran: laifi ɗaya, kaya ɗaya, Bature ya koma gida, baƙi ya sha shekara 3. Babu wanda ya ambaci ragin nan. Wani ɗan Somaliya da ke jiran tasa shari'ar ya tare ni ya ce, "Shehi, ka gani ko? Kuma kana cewa mu yarda da lauyoyinsu." Shi ma ya ƙi amsawa.

A Satumbar 2017 rahoton David Lammy ya fito, ɗan majalisar Tottenham da Firaminista David Cameron ya ɗora wa binciken. A layin tasi na karanta shi a waya, da dare, ina jiran fasinja. Ya ce baƙaƙe da 'yan Asiya da sauran tsiraru kashi 14 ne cikin 100 na jama'ar Ingila da Wales, amma su ne kashi 25 na fursunoni, a cikin yara ƙanana da ke tsare kuwa sun haura kashi 40. Musulmi kashi 5 ne a gari, kashi 15 a kurkuku. Ya wanke masu taya alƙali, ya ce ba a ga suna bambanta launi ba. Sai ga yarona a tsakiyar rahoton ba suna: a manyan kotuna kashi 41 na baƙaƙen da ake tuhuma suna musanta laifi, Turawa kashi 31, dalilin da ya bayar kuma shi ne rashin yarda da 'yan sanda da lauyoyin kyauta. Har ya yaba wani gwaji da 'yan sandan West Midlands suka yi a nan Birmingham, inda mai ƙaramin laifi yake shiga shirin gyaran hali a dakatar da gurfanar da shi, ba tare da an ce sai ya amsa laifi tukuna ba.

Mun sha musu da direbobi 'yan'uwana a kan wannan. Wani Alhaji ɗan Sakkwato ya kafe a kan cewa yaranmu ne ba sa jin magana, wanda bai ɗauki kaya ba me za a samu a safarsa? Yana da gaskiyarsa. Na yi wa yaran da wuƙa ta kashe sallar gawa, ba zan ce babu ɓarna a unguwanninmu ba, musamman inda talauci ya haɗu da korar yara daga makaranta. Amma binciken gwamnatin kanta yana nuna Turawa ba su gaza baƙaƙe shan ƙwaya ba, alhali a wasu shekarun yiwuwar a tsayar da baƙar fata a caje shi ta kai ninki 9 ta Bature, kuma mafi yawan cajin ba a samun komai. Na ce masa, "Alhaji, ni da kai muna kwasar ɗaliban jami'a daren Asabar, mun san warin da ke biyo su cikin mota. Sau nawa ka ga an jingina su da bango?" Ya ce wannan kuma wata magana ce, fasinja ya zo ya tafi.

Yaron ya yi rabin wa'adinsa aka sake shi da sharaɗi, kamar yadda tsarin yake a lokacin. Kafin nan ya haddace izu biyu a hannuna, ya kuma koyi aikin famfo. Sai dai duk kamfanin da ya nema sai an tambayi tarihinsa, daga ƙarshe wani kawunsa ya ɗauke shi wankin mota. Hajiya ta daina zuwa taron Hausawa da muke yi duk ƙarshen wata, in matata ta kira ta sai ta ce ƙafa ce ke damunta.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku tafiyata gida a ƙarshen shekarar, da yadda na tarar da ɗan ƙanwata yana tsare ana jiran shari'ar da ko fayil ɗinta ba a gani ba.